Sawun Jimrau a Cikin Jirgin Laka

Ɗangoggo ɗan goggona ne, kuma ni na laƙa masa sunan tun muna wasan ƙasa, har ya danne sunansa na yanka, Sa'adu. Taubasai muke, ni ɗiyar namiji shi ɗan mace, saboda haka bawana ne, kuma ban taɓa bari ya manta ba. Da aure ya kawo ni Dakoro sai Allah ya sa darni ɗaya ne ya raba gidanmu da nasa, duk abin da aka faɗa a tsakar gidansa a kunnena yake sauka.

Magini ne. In ya ɗora maka rumbu, jikanka ma zai zuba hatsi a ciki. Hannu dai Allah ya ba shi, amma zuciyar ta kaza ce. Yana tsoron kare, yana tsoron raƙumi, ba ya leƙa rijiya sai ya dafe baki da hannu biyu. Shi ya sa ranar da ya ce zai bi 'yan cin rani zuwa bakin teku na yi dariya har da riƙe ciki. Ya kuwa tafi. Bayan Nasara sun daina kamun aikin dole ya bi ayari zuwa Maradi, daga can ya yi ta sauya mota har Kutonu, inda ya yi dakon buhuna a tashar jiragen ruwa.

Wasu da keke suke dawowa, wasu da akwatin ƙarfe. Shi da labarin jirgi ya dawo, ba ya da wata hira sai ita. Wai jirgin kaya ɗaya zai haɗiye gyadar Maradi kaf bai ƙoshi ba. Wai yana da rijiyoyi a bayansa masu murfi, ana zura buhuna ciki da igiya. Mu da babban ruwanmu tabki ne, wanda kafin sanyi ya fita ya zama fako, wa zai yarda? Maza suka riƙa kiransa sarkin ruwa a majalisa, ni kuwa na ce masa ranar Kutonu ce ta dafa masa kai. Abin ya ci masa rai, ya ce tunda baki ya kasa, hannu zai nuna mana.

Haka ya sassaƙa ɗan mabugin tubali da icen aduwa, wanda ke fitar da tubali bai fi dabino ba. Ya share wani dakali a tsakar gidansa ya fara. Ashe lokacin da ake kai su cikin jirgin shirya buhuna, ya taka shi da ƙafa daga kai zuwa gindi, ya riƙe awon a ka. Kowane taki ya mai da shi faɗin yatsa ɗaya, kuma bai yarda ya yi ha'inci ko a kan ƙofa ba. Yakan jera tubalan nan sahu-sahu, yana ɗan shigo da kowane sahu ciki don cikin jirgin ya lanƙwashe kamar ƙwarya. Ya yi rijiyoyin kayan da murafensu na sakaina, ya kafa sandunan ɗaga kaya da karan gero, ya ɗaura musu zaren auduga. Bututun hayaƙi gwangwani ne. Ya shafe ƙasan jirgin da jar ƙasa, saman da baƙin tukunya, ɗakin matuƙi da farar ƙasa. A maimakon kowane buhu sai ya sa ƙwayar gyada ɗaya, kajina suka ga banza ta faɗi.

Ko ni da nake yi masa tsiya, da na ga abin ya kammala sai da na yaba a raina. Tsawonsa ya fi gaba guda, yana zaune bisa dakali kamar yanzu zai motsa. Ranar kasuwa Fulani da Buzaye sukan yi sallama su shigo kallo, su tsuguna su yi ta dubawa. Kwanakin nan ne kaɗai na ga bawana yana tafiya da kai a sama.

A bayan gidajenmu akwai wata tsohuwa, Habi, wadda iyayenta suka gangaro daga Azagor wata shekarar fari. Tabarma take saƙa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun koma ga Allah sai ɗaya, Jimrau, dogon saurayi mai jakai da ke ɗebo wa mutane ruwa da itace. Bayan kaka Kumandan, Banasaren da ke mulkin garin, ya sa aka tara samari a gaban bariki don ɗibar soji. Likita ya duba haƙora, ya buga ƙirji, ya ware masu tsawo gefe ɗaya, Jimrau na cikinsu. Kamiyo, babbar motar kaya, ya kwashe su. Daga baya wani tsohon soji ya ce wata ƙasa za a kai su mai suna Indoshin, kuma ba a zuwanta sai ta jirgin ruwa.

Maganar nan ba ta daɗe da yawo a gari ba sai ga Habi a gidan Ɗangoggo da hantsi. Ina surfe, na ji sallamarta ba irin ta kullum ba ce, na ajiye taɓarya na zagayo. Na same ta tsaye gaban jirgin, ba ta ko amsa gaisuwa ba.

Ta ce, "Ɗangoggo, ƙasar da kay yi abin ga da ita, ina kaɗ ɗebo ta?"

Ya ce, "Bakin tabki, Inna. Lakar can ta hi laushi."

"Na sani. Na gane ka da idona. Jimrau ya shayar da jakai ya juya, kai kuwa kas sa hauya daidai inda ƙahwatai tat taka, ka kwashe. Ban ce komi ba ran nan, na ɗauka aikinka kakai."

A wurinmu in an ɗebi ƙasar sawun mutum, ba alheri ake nufinsa da shi ba, da ita ake yin asirin da ke fid da mutum daga gari ya shiga duniya. Ɗangoggo ya shiga rantsuwa, wai bakin tabki sawun wa ne babu, na shanu, na jakai, na rabin gari. Ta bari ya gama.

Ta ce, "Ban ce da gangan kay yi ba. Amma sawunai na cikin tubalin ga. Kai ka gina jirgi, jirgi ya zaka ya ɗauke shi."

Ya ce, "In haka na, Inna, bari in hwasa shi yanzu kowa shi huta." Ya rarumo wani gungume. Tsohuwar nan da iska ke iya kayar da ita ta cafke hannunsa, har sai da gungumen ya faɗi.

Ta ce, "Yaron na bisa ruwa. So kake ka nutsar min da shi?" Ta numfasa, ta ce, "Ba ni kai ƙararka wurin kowa. Amana ta nib ba ka. Yadda jirgin ga yake yau, haka nika son ɗana shi iske shi. In ya tsage, kai ka sani."

Ni dai na ce shirme ne, kuma na faɗa masa bayan ta fita. Na sa shi ya kira Malam Sallau, limamin unguwarmu. Malam ya zo ya duba, ya ce ƙasa ƙasa ce, rai a hannun Allah yake, babu abin da tubali zai iya. Na ce to Allah gafarta Malam, ga gungume, a fasa mana da bisimilla. Sai ya gyara rawani, ya ce ai ba a gaggawa a sha'anin zuciyar uwa, a bar shi tukuna. Da zai fita na lura ya tattare bakin rigarsa kada ta shafi jirgin. Ɗangoggo ma ya lura, kuma daga ran nan ban ƙara iya fid da abin daga kansa ba.

Jirgin a jikin dakali yake, ba ya ɗaguwa. Saboda haka ya kafa masa bukka a kai, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, ya kwashe gyadar ciki don kada ɓera ya haƙa. Ya hana 'yan kallo shigowa. Kowace safiya yakan durƙusa ya bi gindin dakalin da yatsa yana neman hanyar gara, in ya ga ɗan tsagu kamar gashi sai gumi ya karyo masa. Aka kira shi ginin rumbuna a Korahane ya ƙi, don aikin na kwana ne. Cin rani kuwa ya ƙare. Habi takan zo da kabarta ta zauna bakin bukkar tana saƙa, tana yi wa jirgin hira: wace jaka ta haihu, wane ne ya yi aure. Mutanen gari ba su ce masa maye ba, amma mata suka riƙa share sawun 'ya'yansu in sun wuce ƙofar gidansa, kuma yana gani.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne damina. A Dakoro in hadari ya taso daga gabas, tsoho da yaro murna suke, don ba kullum muke samu ba. Mutum ɗaya ne a garin nan ke ganin hadari tsoro ya kama shi. Yana tsakiyar noma, da ya ga gabas ta yi baƙi sai ya yar da hauya ya sheƙo gida. Gonarsa ta cika da ciyawa. Ran da aka fita roƙon ruwa ya bi sahu ya ɗaga hannu kamar kowa, ya dawo ya ce min bai san abin da zuciyarsa ta roƙa ba, kuma yana tsoron Allah ya kama shi da wannan.

A damina ta biyu abin da yake gudu ya same shi. Da la'asar iska ta riga ruwa isowa, ta ɗauke rufin bukkar ɗungum ta jefa a gidanmu. Kafin ya iso daga gona ruwa ya tsuge. Na fita da tabarma da buzu na rufa, iska ta fizge. Ya shigo ba ko takalmi, ya kifa jikinsa bisa jirgin, ya dafa hannu da gwiwa don kada nauyinsa ya danne shi. Amma mutum bai kai tsawon jirgin ba. Ya kare gaba da tsakiya, gindin ya rage a waje. Ina tsaye ina kallo tubalan suka yi laushi, jan ruwa ya fara gangarowa daga dakali, sai gindin ya zauna gaba ɗaya. Ban taɓa jin tsoro irin na ran nan ba, ni da nake cewa shirme ne. Ji na yi kamar wani ne ke nutsewa a gabana ba ni da igiya.

Cikin ruwan nan Habi ta shigo. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, da ta yi ma da ya fi sauƙi. Ta durƙusa ta tare bakin magudana da hannu, ta ce in miƙo mata ƙwarya. Muka yi ta kwasar taɓo, ita da ni, har wanda ya malale zuwa ƙofar gida. Ta ce ko ƙwaya ɗaya kada ta fita titi a taka. Shi kuwa yana nan a kife har ruwa ya ɗauke, da muka ɗaga shi gwiwoyinsa sun ƙage.

Da taɓon ya sha iska ya sake buga tubalan da shi, bai ƙara ko dunƙule na sabuwar ƙasa ba. Ya mai da gindin yadda yake, sai dai ƙasar ba ta isa ba, wuri ɗaya ya rage da giɓi kamar faɗin hannu. Habi ta daɗe tana kallon giɓin. Ta ce, "To, sai mu saurara."

Sauraron nan shi ya cinye shi. A lokacin in soji ya mutu, gardi, ɗan sandan Nasara mai jar hula, ake aikowa daga bariki ya faɗa wa iyaye. Saboda haka duk jar hular da ta shigo lungunmu, Ɗangoggo sai ya sandare inda yake har ta wuce. Wata rana kuwa gardi ya tsaya a ƙofarsa ya kira sunansa. Na ga bawana ya fito yana bin darni da hannu, leɓensa ya yi fari, ya durƙusa tun ba a ce komai ba. Ashe katangar bariki ce ta zube, Kumandan na neman magini. Gardin ya tafi yana dariya. Ni da ba na barin irin wannan ta wuce ban yi masa tsiya ba, ran nan ruwa na kawo masa kawai.

Labari bai zo ba, mai daɗi ko marar daɗi. Habi ta ci gaba da zuwa, sai dai hirar ta ragu, saƙar ma ta ragu. Wani sanyi ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Bayan an yi sadakar bakwai na je na same shi yana yaɓe sabuwar bukkar, wadda yanzu ta laka ce mai rufin azara, ta fi ɗakin kwanansa kyau.

Na ce, "Kai bawa, mai amana ta tahi. Ka saki kanka haka nan, ka koma aikinka."

Ya ce, "Uwale, da can mu biyu muka tsaron shi. Yanzu ni ɗai nar rage mishi."

Na buɗe baki in yi faɗa, sai na ga ba tsoron Habi yake ba, ba kuma tsoron bakin mutane ba. Abin ya riga ya zama nasa. Gemunsa ya yi furfura, alhali na girme shi.

Jimrau ya dawo wata bazara, a bayan kamiyon kasuwa, da akwati da manyan takalman soji. Ƙafa biyu, hannu biyu, ido biyu, babu abin da ya ragu a jikinsa sai nama. Ya iske ɗakin uwarsa a rufe. Mutane suka ba shi labari, kowa da irin nasa ƙarin gishirin, washegari da hantsi ya yi sallama a gidan Ɗangoggo. Na zagayo, don ba a yin wannan ba ni.

Ɗangoggo ya kama hannunsa ya ƙi saki, yana ta juya shi yana dubawa kamar mai sayen rago. Sannan ya buɗe ƙofar bukkar. Na ɗauka saurayin zai yi dariya, ko ya yi kuka saboda a nan uwarsa ta ƙare kwanakinta. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, fuskarsa ta sauya. Ya sunkuya a hankali ya ɗaga murfin rijiyar gaba, ya leƙa ciki.

Ya ce, "Nan anka zuba mu, Baba. Inda aka zuba buhu. In ruwa ya yi hushi sai su ruhe murhin ga." Ya nuna gefen jirgin da yatsa. "Wanda zahi ya kashe, ta nan aka sakin shi."

Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, yana numfashi ta baki. Ya ce yaƙin ma bai tsaya masa a rai kamar cikin ramin nan ba, kuma ya yi murna da ya dawo garin da babu ruwan da zai ɗauki ko kwale-kwale. Sai ga shi a bayan ɗakin uwarsa, babu abin da aka manta, har tsanin.

Ya ce, "Baba, ba ni iya kwana garin ga abin ga na tsaye. Don Allah ka hwasa shi."

Ɗangoggo ya ce, "Ba ni iyawa, ɗana. Kana ciki."

"Ga ni nan gabanka."

"Na gane ka. Ba ni iyawa."

Jimrau ya dube ni, na kau da kai. Sai ya ɗaga takalmin nan ya taka tsakiyar jirgin. Ƙarar ba ta fi ta fashewar tukunya ba. Ya taka gaba, ya taka gindi, gwangwanin ya gangaro ya tsaya a ƙafata. Ɗangoggo bai kalli jirgin ba ko sau ɗaya. Jimrau yake kallo, ya buɗe hannuwa biyu a bayansa, yana jira ya tare shi in ya faɗi. Saurayin ya gama, ya share fuska da hannun riga, ya ce mana sai an jima, ya fita da ƙafafunsa.

Babu abin da ya same shi. Ya sayi jakai, ya yi aure, ya yi ƙiba. Ɗangoggo ya share ƙasar ya zuba a tulu ya liƙe baki, ya koma ginin rumbuna, amma bai ƙara buga ƙaramin tubali ba, kuma har ya mutu bai karɓi aikin da zai kwana a wani gari ba. Kowace safiya kafin ya ɗauki kayan aiki sai ya zagaya bayan gida, ya tsaya a ƙofar Jimrau ya yi sallama. Ba ya shiga, ba ya da wata magana. In ya ji an amsa sai ya juya. In aka yi jinkiri kaɗan, daga tsakar gidana nakan ji sallama ta biyu.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi ya kasa fita, sai Jimrau ya riƙa zuwa da kansa da safe, ya tsaya bayan darni ya ce, "Baba, na tashi lahiya." Sai ya ji haka yake yarda ya sha kunu.